Ranar Da Muka Kai Hajiya Gummi Shan Haske

Ana idar da sallar asuba muka bar Abare, ni da yayana da Hajiya a cikin kwali. Hajiya zomanyata ce, fara tas, mai kumatu kamar ta ɓoye goro. Kwana goma ke nan gashin ƙasan ƙafafunta na baya ya zube, gyambo ya fito, ta daina tsalle. Baba ya ce in Juma'a ta zo ba ta miƙe ba, wuƙa zai sa mata kafin ta zama mushe. Sai da na yi kukan da ya kusa cika randar Inna aka yarda mu kai ta Gummi, wurin wata likitar dabbobi da aka ce da haske take magani.

Babur ne ya kai mu Anka. Gero ya yi tsayi dama da hagu, hanya kuwa duk ramuka. Akwai ramin da na tabbata in ka leƙa za ka hango babur ɗin da ya faɗa tun bara. A tasha muka ci waina da ƙuli mai yaji, Hajiya ta ci ganyen dankali tana harararmu, sannan muka hau motar Gummi.

A Nasarawa Burkullu wata tsohuwa mai ƙwaryar nono ta shigo motarmu. Ta leƙa kwalin, ta tambayi inda za mu.

"Gummi don zomo? Ɗiyata, gwiwar ga tawa shekara nawa tana ciwo, ba wanda ya taɓa sa ni kwali."

Duk motar aka kwashe da dariya. Da za ta sauka kuma sai ga ta tana shafa kan Hajiya, tana yi mata addu'a.

Kafin azahar mun isa. Likitar baƙuwa ce daga wata jiha, Hausarta a hankali take fita, hannunta kuma a hankali ya fi. Ta wanke gyambon, ta ɗauko wani ƙarfe kamar tocila, ta ce sunansa lesa. Ta ba mu baƙin tabarau, ta rufe wa Hajiya ido da ƙyalle. Ni na shirya ganin hayaƙi da tartsatsi, har na laɓe bayan yayana. Ashe ɗan ɗigon jan haske ne, shiru, ko zafi babu. Hajiya har gyangyaɗi ta yi.

"A kan me take kwana?" in ji likita.

Nan na gyara tsayuwa. Na ce tun da aka kankare ƙasar gidajenmu saboda gubar dalma, Inna ba ta barin a ci komai a ƙasa. Shi ya sa na sa aka yi keji mai dogayen ƙafafu, aka shimfiɗa ragar waya, ƙafar Hajiya ba ta taɓa taka ƙasa ba.

"To ragar ce ta ci mata ƙafa," ta ce. "Zomo gashi kawai gare shi a tafin ƙafa. Haske zai sauke kumburi, ya taimaka wa fata ta haɗe, amma in ta koma kan waya, aikin banza muka yi."

Yayana ya yi dariya har tabaransa ya faɗi. Ni kuwa na ji kamar in shige kwalin.

Sai an maimaita hasken sau da yawa, don haka muka bar ta can. Da la'asar sakaliya muka shiga gida da kwali fayau. Baba ya leƙa ya ce, "Ina take?"

Na ce, "An ba ta gado a asibiti."

Ya ce, "To, Allah ya ba ta lafiya. In kun koma a gaishe ta."

Na koyi cewa kafin ka yi wa dabba gata, ka tambayi wanda ya san jikinta. Washegari na ɓamɓare ragar, na sa katako da busasshiyar ciyawa mai laushi. Ranar Juma'a likita ta bugo wa yayana waya: Hajiya ta diro daga tebur, mutum uku a asibitin suna zagayen kama ta.