Kyautar Kawu a Hanyar Zermu

Da aiki ya kai ni Yamai na 'yan watanni, ƙanena na bar wa makullin motata, don ya riƙa kai Inna asibiti. Lokacin ba a daɗe da yi mata aiki a ƙugu ba, bayan santsi ya kwashe ta a tsakar gida. Ranar da na dawo, na tarar da motar a ƙofar gidanmu a Zango ta durƙusa kamar raƙumin da za a labta wa kaya. Na ɗauka tayoyi ne suka sace. Na zagaya na duba, tayoyi lafiya lau. Ashe gareji ya kai ta aka yanke resor, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, na ƙafafun duka huɗu, wai an zaunar da ita, haka samari ke yayi yanzu don rakiyar amarya.

"Yaya, ai yanzu ta fi aji," ya ce da ni yana murmushi. "Duk inda na ratsa sai an waiwayo."

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Allah ya taimake shi Inna na zaune a zaure, sai na sauke. Mutum da gemunsa, a garin da ruwan sama ke cinye rabin titi kowace damina, shi ne zai ɗauki motar da ba tasa ba ya manna cikinta da ƙasa don 'yan mata su waiwayo. Na zage shi har na gaji, ya yi tsuru-tsuru, amma zagi bai mayar da ƙarfen da aka yanke ba.

Ina cikin wannan takaici saƙo ya zo daga Zermu: yayar Inna ta kwanta, jiki ya yi nauyi, kuma sunan Inna take ta kira. Wannan yaya ita ta goya Inna bayan rasuwar mahaifiyarsu. Inna ta ce ko a kafaɗa ne sai an kai ta. Na je na tambayi likitan da ya yi mata aiki, ya ce za ta iya tafiya in an kwantar da ita, amma a kiyaye jijjiga, domin ƙashin bai gama kamawa ba. Wanda ya san hanyar Zermu bayan an sauka daga kwalta, a ƙarshen damina, ya san me likita ya ɗora mini.

Na karaɗe shagunan kayan mota neman resor irin na motata, babu, sai an aiko daga Kano, Inna kuwa ba ta jiran Kano. Makanikena ya ce dabara ɗaya ta rage, a canza amotisar, ƙarfen nan mai mai a ciki da ke shanye girgizar hanya. Ya ce motar da aka zaunar ba ta ɗaukar mai tsawo irin na da, domin kafin ya fara aiki ya riga ya kai ƙarshensa, rami kaɗan sai ƙarfe ya daki ƙarfe. Gajere ake nema, mai tauri, kuma sabo. Ya gargaɗe ni da waɗanda ake hudawa a ɗura musu mai, a like da walda, a fesa baƙin fenti su yi ƙyalli. Gwajin kuwa ba wuya: a kafa shi a ƙasa a danna da ƙarfi, mai kyau yana gardama wajen shiga, yana dawowa a hankali.

Na samu a shagon wani baƙo da ba mu haɗa komai ba. Shi da kansa ya buɗe kwali ya ce in gwada. Na danna, na kankare fenti da farce, na juya su gaba da baya, bai hana ni ba. Muka yi da shi zan aiko a ɗauka da safe. Na koma gida zuciyata fes.

Sai dai a Zango ba a yin tari a ɓoye. Kafin la'asar labari ya kai wa Kawu, ƙanin Inna, wanda shi ma kayan mota yake sayarwa. Na shigo na tarar da shi zaune a gaban Inna, ya tattare babbar riga, fuska a murtuke.

"Yaya," yake ce mata, ko kallona bai yi ba, "ina raye, shagona a buɗe, ɗanki ya tsallake ni ya je wurin bare. Tafiyar ta duba 'yar'uwarmu ce fa. Ni ba zan samu zuwa ba, amma amotisar ɗin nan ni zan ba da, ko dala ba na so. Gudummawata ke nan."

Inna ta yi ta sa masa albarka. Ta ce in bi shi in karɓo, in kuma yi godiya.

A shagonsa Kawu ya sa aka zaro guda huɗu daga wani buhu, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli. Tun daga nesa na ga dogaye ne. Na ɗauki ɗaya na kafa a ƙasa na danna, sai ya shige sululu ba gardama. Na shafa gefensa, yatsana ya ci karo da ƙullutun walda a ƙarƙashin fenti.

"Kawu, waɗannan ɗurarru ne. Kuma sun yi wa motar tsawo."

Kawu ya cire tabarau ya dube ni.

"Ni kake gwada wa kaya? A gaban mutane? Tun kana tsumman goyo nake wannan sana'a. Okaziyo ne, na hannu daga Turai, sun fi sababbin yanzu ƙarko. Kyauta ma sai an danna ta?"

Kafin in isa gida ya riga ni ta waya. Na tarar da Inna tana kuka. Na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, na ce ƙugunta nake ji, na ce likita ne ya faɗa ba ni ba. Na ce to bari in karɓi na Kawu in ajiye, in sa na baƙon, wa zai leƙa ƙarƙashin mota? Na ce ko in ari motar wani abokin aikina.

"Ka kunyata shi sau ɗaya, ba za ka ƙara ba," ta ce. "Ana barin halas don kunya. A motar nan zan tafi, da kayan ƙanena a jikinta, in ba haka ba na fasa, kuma in Yaya ta cika ban gan ta ba, kai ka sani."

Wannan magana ita ta ɗaure ni. Kawu kuma, don kada a yi masa wayo, da kansa ya zo gareji ya sa kujera ya zauna har aka ɗaura. Makanikena yana ɗaurawa yana satar kallona, ni kuwa haushi ya turnuƙe ni. Na tabbata Kawu ya san abin da ke cikin buhunsa, ko kuma ya zaɓi kada ya sani. Abin da ya dame shi kawai a ce a Zango shi ya gyara motar da ta kai yayarsa Zermu.

Da hantsi muka tashi. Na shimfiɗa wa Inna katifa a kujerar baya, na tokare ta da matasai. A kan kwalta ba laifi, har ta ce, "Ka gani ko?" Muna sauka kan gargada motar ta fara rawa, tun ana jin ƙaramin ƙwas-ƙwas har ya koma duka sosai, kowane rami sai na ji shi a haƙorana. Na rage gudu har amalanken shanu na neman wuce mu. Na tsaya na leƙa, sai ga mai yana bin tayar baya yana ɗiga a ƙasa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mu kuwa kyauta aka ba mu ita.

Na ce wa Inna mu juya. Ta ce mun fi kusa da can, in ja mota. Ta madubi ina ganin ta, ido a rufe, carbi a hannu, gumi na tsattsafo mata a goshi, ba ta ce wayyo ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ina tuƙi ina tsine wa fenti, da walda, da rakiyar amarya, da kunyar da ke sa babban mutum ya zaɓi karaya a kan ɓacin ran ƙaninsa.

Gab da gari akwai inda ruwa ya yanke hanya ya bar kwari. Na shiga a karkace, a hankali iya iyawata. Gaba ya wuce. Da baya ya faɗa, sai cikin motar ya daki ƙasa, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, Inna ta saki ƙara guda ɗaya wadda ban taɓa jin irinta daga bakinta ba. Daga nan carbin ya faɗi, ba ta ɗauka ba.

A ƙofar gidan yayarta Inna ta kasa ko motsa ƙafa. A kan tabarma mata suka ɗauke ta suka shiga da ita, suka kwantar da ita a ɗakin marar lafiyar. Yayarta, wadda muka zo dubawa, wadda aka ce ko zama ba ta iyawa, ita ta ja jiki ta sauko daga gado, ta rarrafo, ta ɗora kan Inna a cinyarta tana cewa a ɗora ruwan zafi. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman lambar likita a waya.

Inna ta yafito ni da yatsa. Na sunkuya na kai kunne kusa da bakinta, ina tsammanin za ta gaya mini inda ke mata ciwo.

"In kawunka ya kira," ta ce, "ka ce masa mun iso lafiya."