Akwatin da Na Kira Makunni

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, ƙarfe goma da kwata na safe. Mu uku ne a zauren gidanmu na unguwar Yerimaram a Potiskum: ni, da mahaifinmu a kan tabarmarsa, da ƙanwata wadda ta shigo riƙe da waya ko mayafi ba ta sauke ba.

"Yaya, me ka gaya wa ejan?"

Ƙanwata ilimin kwamfuta ta karanta. A shekarar ne ta buɗe ɗakin jarrabawa a bakin hanyar Damagum, don yaran unguwarmu su riƙa rubuta jarrabawar shiga jami'a kusa da gida. Ta jera tebura, an ja mata wayar faiba, wato siririn zaren gilashi da saƙo ke bi ta cikinsa. Abin da ya rage shi ne akwatin da zai haɗa kwamfutocin da wannan zare. Daga ƙasar waje ta yo odarsa, ya sauka a Kano. Masu duba ɗakin za su zo ranar Litinin, kuma in ba su tarar komai na aiki ba, sai baɗi.

Kwana huɗu kafin nan ta bar wayarta a caji a ɗakina. Ejan ɗin da ke fitar mata da kaya daga hannun kwastan ya kira, na ɗauka. Ya ce a takardar an rubuta suwic kawai, wane iri ne? Na shekara ashirin da wani abu ina fassara labarai a gidan rediyo, kuma ban taɓa barin kalmar Turanci ta wuce ni tsirara ba. Na ce masa, "Makunni ne. Da Hausa makunni ake cewa." Ya yi godiya. Har na ji daɗin kaina.

Yanzu ta buɗe muryar wayar, ejan ya yi mana bayani. Kwastan suna da babban littafi, kowane irin kaya da lambarsa da kuɗin fitonsa. Makunnan lantarki sashensu daban, na'urorin aika saƙo da karɓarsa sashensu daban. Ejan ya saka akwatin a sashen makunnai bisa maganata. Da jami'i ya buɗe kwalin sai ya ga ramuka a jere na cusa faiba, babu abin da ya yi kama da makunni. Takarda ba ta dace da kaya ba, aka ajiye shi gefe.

"Su ba ruwansu da suna, Hajiya," in ji ejan. "Aikin abu suke tambaya. Ki rubuto abin da yake yi, ki sa hannu, yau ɗin nan."

Ta kashe wayar. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ɗauko takarda na zauna, sai na ga ban san abin da zan rubuta ba. Sunan na sani, shi ma ashe ban sani ba.

Baba ya gyara zama. Ya tsufa ƙwarai a lokacin, ido ya fara gajiya. Hausarsa har ya rasu tana ɗauke da karin harshen Ngizim, kuma da ina sabon ma'aikaci na sha gyara masa magana a gaban baƙi, yana murmushi yana ƙyale ni.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta, "in ba ya kunnawa, ba ya kashewa, zaman me yake yi?"

Ta durƙusa a gefen tabarmar. Ta jera kofunan shayinsa huɗu, ta sa butar a tsakiya. Ta ce saƙonni ne ke shigowa ta waya ɗaya a cakuɗe, kowanne da inda za shi. Akwatin zai duba na kowa, ya ce kai bi nan, kai bi can.

"Yana riƙe su?"

"A'a, Baba. Wucewa kawai suke yi."

"Yana ɓatar da wani?"

"In ya ɓatar ya lalace ke nan."

Baba ya yi dariya har ya yi tari. "To ai ɗan kamasho ne! Na Damaturu ga motarku, na Azare ku zagaya baya. Shekara nawa na yi ina wannan a tasha?" Ya juyo wajena. "Malamin rediyo, rubuta. Ko shi ma sai ka gyara?"

Na ce, "Ba gyara, Baba."

Na rubuta da Hausa tukuna, yadda ya faɗa, sannan na juya shi Turanci: na'ura ce mai karɓar saƙonni ta wayar faiba, ta duba adireshin kowanne, ta tura shi ƙofar da ta dace, ba ta kunna wutar lantarki, ba ta kashe ta. Na ƙara layi ɗaya cewa kuskuren bayanin farko daga gidanmu ya fito, ba daga ejan ba. Ƙanwata ta karanta sau biyu. Ta so ta soke layin ƙarshen, na riƙe biron. Ta dube ni, ta sa hannu, ta ɗauki hoton takardar ta aika. Sannan ta zuba wa Baba shayin da ya riga ya huce, ya shanye.

Ranar Alhamis kwastan suka sauya lambar suka saki kayan. Akwatin ya iso Potiskum ranar Asabar da la'asar a motar haya, ta haɗa shi ranar Lahadi. Masu duba ɗakin sun zo Litinin da hantsi, kuma sun amince da shi.