Naman Juma'ar Inna

Ina tsaye a ƙofar shagona na ɗinki a Kuje, da almakashi a hannu, aka kira ni da wayar Yayana. Muryar da na ji ba tasa ba ce. Mutumin ya tambaye ni ko ni ne ƙanin mai wayar, sannan ya ce motarsa ta yi hatsari a hanyar filin jirgi, in yi haƙuri, rai ya yi halinsa. Na yi salati, na ajiye almakashin. Ranar ba za ta fita daga raina ba, amma abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne yawon da na yi a garin Abuja bayanta, ina neman wani ƙunshin nama.

Mu biyu Inna ta haifa. Yaya ya yi karatu mai zurfi, yana aiki a wata ma'aikatar gwamnati a cikin gari, ni kuwa daga sakandare na kama ɗinki. Inna a gidansa take zaune. Haƙoranta sun zube sai 'yan kaɗan, ga gyambon ciki da ya raba ta da yaji. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Yaya kan shigo da nama a naɗe cikin takarda ruwan ƙasa, mai ya jiƙa ta sharkaf, ya miƙa mata a ɗakinta. In mun tambaye shi inda yake sayowa, sai ya yi dariya ya ce mu makwaɗaita ne, in ya faɗa za mu cinye wa tsohuwa rabonta. Ba wanda ya matsa masa. Muna ganin akwai lokaci.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta karɓi gaisuwa, ta riƙe carbinta, amma ta daina cin abinci. A dama mata kunu ta kurɓa ta ture. Har aka yi sadakar arba'in haka take, zane yana neman zagaye ta sau biyu. Likita ya duba ta ya ce bai ga wata sabuwar cuta ba, jiki ne ke ƙarewa don ba a ba shi komai, kuma a shekarunta in aka ci gaba a haka ba za a daɗe ba. Wata Juma'a na shiga gaishe ta, sai na lura ba fuskata take kallo ba, hannuwana take kallo. Na fito na ce wa matar Yaya ko a ina naman nan yake zan nemo shi. Ita ma ba ta san wurin ba. Abokan aikinsa kuwa cewa suka yi ranar Juma'a kawai yakan bar ofis da wuri.

Kullum da La'asar sai in rufe shago in hau mota. Na fara da masu tsire na Wuse, irin gashin Kanawa, yanka siriri a jikin tsinke, an turmushe shi da ƙuliƙuli, ana shafa man gyaɗa yana ƙara a kan wuta. Nama ne mai daɗi, amma Inna ta shinshina ta mayar da shi. Na sayo balangun da ake sarawa a kan faifan waya, gefensa ya ƙone ƙayau, ba na marar haƙori ba ne. Kilishi ban ma kai mata ba. Wani Bayarabe da nake yi wa ɗinki ya kai ni inda mutanensu ke gasa akuya da fatarta, su juya ta cikin attarugu har ido ya yi ruwa. Na ɗanɗana na gode masa. Na je Kado na sayo gasasshen kifi, na ce ko taushi take so. Har Uke na je, inda wata mata mai gasa kifi a bakin titi ta ji labarina ta cire ƙaya da hannunta, ta ce, "Oga, kai wa mama, zai ci." Inna ta sa wa matar albarka, ta ba jikoki.

A yawon nan na gane kowane gari da irin wutarsa. Wasu yaji ne gwanintarsu, wasu hayaƙi, wasu kuma sauri, don mai mota yana jira. Na gaji, shago ya soma rasa mutane, amma duk lokacin da na yi niyyar haƙura sai in tuna yadda take kallon hannuna.

Wata rana na koma wurin wani dattijo Bakano mai tsire, na zauna a bencinsa na kwatanta masa naman dalla-dalla: ba yaji, ba ƙuliƙuli, sai ƙanshin albasa, ga romo a cikin takarda, kuma yana rabuwa da yatsa. Ya dube ni ya yi dariya.

"Malam, ai wannan gashin Sakkwatawa ne, masu rowar yaji. Gishiri da albasa, shi ke nan wai sun yi nama. Amma kai da yamma kake nema?"

Na ce to yaushe ake neman nama in ba da yamma ba? Ya ce nan na ɓata. Mu a Abuja mun saba sai rana ta faɗi ake hura wutar tsire. Su kuwa kusa da kara suke zama, inda ake yanka raguna da sassafe. Sukan naɗe naman da kitsensa a takarda, su jera a gefen garwashi ya dahu da ruwan jikinsa, kafin Azahar sun sayar sun kashe wuta. Wato duk tsawon yawona, sai sun tashi nake fitowa.

Na koma fita da hantsi, ina bin kararrakin bayan gari ɗaya bayan ɗaya. A wata Juma'a, bayan wata kara, na ga rumfar kwano da wani mutum siriri mai rawani yana juya ƙunsuna a bakin wuta. Takardar ce na fara ganewa. Na nuna wani ƙunshi da ya ware can gefe, inda wutar ta fi sanyi, na ce shi nake so. Ya girgiza kai.

"Wanga ba na saidawa ba na. Na mai tsohuwa na."

Na tambaye shi wane ne mai tsohuwa. Ya ce bai san sunansa ba, wani ma'aikaci ne mai farin tabarau da ke zuwa duk Juma'a ya karɓi naman kafaɗa wanda ya fi daɗewa a wuta, don mahaifiyarsa ba ta da haƙori. Ya kwana biyu bai zo ba, amma shi yana ware masa har a kira salla, kada ya zo ya rasa. Na zauna a ƙasa. Na ce masa ni ƙanin ma'aikacin ne, kuma ya rasu. Mutumin ya yi masa addu'a, sannan ya tambaya ko tsohuwar tana nan. Na ce tana nan, amma ba ta ci. Ya ƙara wa ƙunshin takarda ya ce in yi sauri, in ya huce kitsen daskarewa yake.

Da na shiga ɗakin na ajiye ƙunshin a gabanta. Ta ɗora tafin hannunta a kan takardar tana jin ɗuminta. Ta buɗe, ta ɓari kaɗan ta sa a baki. Sai ta kira sunan Yaya, irin kiran da take masa yana yaro, ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar. Muka bar ta ta yi mai isarta. Da ta share hawaye ta ƙara ci, can da yamma kuma ta ce a dama mata kunu mai kauri.

Daga nan ta dawo cin abinci sannu a hankali. Ni na gaji Juma'ar, nake zuwa karɓar ƙunshin, har aka yi rusau a wurin, na je na tarar ba rumfa ba mai rawani. Na ci gaba da saya mata a wurin wani ɗan garin su mai rawanin, tana ci, tana cewa hannun ba ɗaya ba ne. Bara Allah ya karɓi abarsa, a kan gadonta, da ƙarfinta daidai na tsufa.

Abin da na koya shi ne, ɗan abin da mutum yake yi wa nasa a kai a kai, wanda muke gani ba komai ba, wani lokaci shi ke riƙe da rai. A tambaya tun mai yi yana nan, a san inda yake zuwa da hannun da ke taya shi.

Mai naman nan na yi cigiyarsa a kararraki da dama, wasu sun ce ya koma gida, wasu sun ce yana wajen Zuba. Har yau ban same shi ba, kuma bai san tsohuwar ta rasu ba.