Bakwai Mai Ɗamara

Shekara shida ke nan da muka raka Alhaji Laminu makwancinsa, kuma har yanzu in na bi ta Irving Park sai na rage gudu daidai gidansa mai jan bulo, ko da yake wasu ne a ciki yanzu. Aminin mahaifina ne tun suna samari a Damagaram, don haka Baba nake ce masa. Sauran mutanenmu na Greensboro, a nan Amurka, kuwa Alhaji Bin-Sawu suke kiransa, da farko a bayan idonsa, daga baya a gabansa, da suka gane sunan daɗi yake masa.

Allah ya buɗa masa ta fataucin fata, daga baya ta aika motoci Kwatano. Da ya haura sittin sai ya miƙa wa 'ya'yansa harkar, ya koma karatun littattafan Faransanci na binciken kisan kai, irin waɗanda za ka ga wani attajiri da bai da abin yi ya warware abin da ya gagari 'yan sanda. A hankali Baba ya yanke wa kansa cewa shi ma irinsu ne. Ya sayi sanda mai kan azurfa, alhali ƙafarsa lafiya lau, ya kuma riƙa yawo da gilashin ƙara girman rubutu a aljihun babbar riga. Kisan kai dai bai taɓa samu ba, alhamdu lillahi. Abin da ya samu shi ne takalman da ake musanyawa a ƙofar masallaci, da tukunyar wata Hajiya da ta ɓace bayan suna. Mun sha dariyarsa, kuma ina cikin masu ƙarfin dariyar.

A lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wadda nake kula da ita wata dattijuwa ce Baturiya a Summerfield, kuma kowace safiya in na ba ta maganin hawan jini nakan rubuta lokaci da yawan ƙwayar a wata takarda da ke manne a jikin firij. Wata rana da la'asar ta yanke jiki ta faɗi, aka kai ta asibiti. 'Yarta ta ciro takardar, wadda ba mai duba ta sai ranar, ta ce na rubuta da hannuna cewa ƙwaya bakwai na ba uwarta. Kamfanin da nake wa aiki ya dakatar da ni nan take, aka ce za a kai maganar gaba. Turancina bai taka kara ya karya ba a lokacin, ba a nuna mini takardar ba, rantsuwata kuma ba ta amfana mini komai ba. Aikin ya dame ni, amma abin da ya fi cin raina shi ne a ce Rabi ta so kashe tsohuwar da take yi wa wanka. Kwana uku ina kuka, har na fara tambayar kaina ko da gaske na yi.

Baba ya ji labari ya zo da kansa, ya sa ni a mota sai ofishin kamfanin. Gaskiya kunya ta kama ni da na ga ya ɗauko sandar. Ya nemi a ba shi takardar cikin ladabi, ya fito da gilashinsa, ya daɗe yana dubawa har matar ofis ta fara kallon agogo. Sannan ya juyo gare ni.

"Rabi, a lakwal ɗin wa kika koyi lissafi? Ɗauki bik, rubuta mini ɗaya, rubuta mini bakwai."

Na ɗauki biron na rubuta. Ɗaya namu na lakwal, wato makarantar bokon Nijar, yana da dogon baki da ke gangarowa ta hagu, wanda a idon Ba'amurke bakwai ne sak. Bakwai namu kuwa sai an ja masa layi a ƙugu kamar ɗamara. Baba ya ɗora yatsa a kan takardar firij, ya nuna wa matar cewa a kowane layi na rubuta ƙarfe bakwai na safe da bakwai mai ɗamara, kusa da shi kuma, a gurbin yawan ƙwaya, ga ɗaya mai baki, haka tun ranar da na fara aiki. Ya ce in har yanzu tana shakka, a je a ƙirga abin da ya rage a kwalbar maganin. Aka ƙirga, ya cika daidai. Daga baya likitoci suka ce rashin shan ruwa ne ya kayar da tsohuwar, kuma da ta warke ni ta ce a maido mata.

A hanyar komawa gida ya ce mini, da ɗan ɗigon Faransancinsa, "Bon, kin ga amfanin zaman banza."

Yau a wurin aiki an fara ba mu na'ura muna danna lambobi, hannun kowa ya zama iri ɗaya. Na san da yana raye zai yarda an rage kuskure, sannan ya yi ƙorafin an raba mai bincike da abincinsa. Ina kuma tunanin abin da zai ce game da 'ya'yanmu da in mun yi musu Hausa suke amsa mana da Turanci. Ina jin zai ce a kula, domin kullum ana ƙara samun abin da muke rubutawa daidai a karanta shi a karkace, kuma ba kowa ke da mai zama ya duba masa ba.

Abin da ya bar mini bai tsaya ga wanke sunana a ofis ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, 'ya'yansa suka so ɗauko masa ƙwararriyar nas, kuma suna da halin ɗauko goma. Ya ce a'a, a kira Rabi. Wata huɗu ina ba shi magani safe da yamma. Mutumin da ba ya karɓar ko katin gayyata sai ya juya bayansa ya duba, bai taɓa kallon abin da ke tafin hannuna ba. Buɗe baki kawai yake ya yi bisimilla. Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka huta.