Shekarar da Na Hutar da Baba

Ni ne na yi laifi, kuma da sanina na yi shi. Na fara da wannan ne domin har yau a ƙauyenmu na ƙasar Tajaye akwai masu nuna ni ga ƴaƴansu, su ce ga ɗan da ya hutar da ubansa. Abin da na yi wa Baba zalunci ne, mutane suka yaba mini a kansa, ni kuma na karɓi yabon.

Baba manomi ne, ban san shi da wani aiki ba. Da damina ta faɗi, yana idar da sallar asuba zai kwance jakinsa, ya saɓa hauyarsa mai doguwar ƙota, irin wadda ake noma da ita a tsaye, su kama hanya yana yi wa jakin faɗa kamar ƙaninsa. Kafin azahar Inna za ta bi shi da ƙwaryar fura. Can gindin aduwar da ke tsakiyar gona suke zama, kuma kullum sai sun yi gardama. Ya ce furar ta yi ruwa kamar an ɗebo ta daga rijiya, ta ce in bai so ya miƙo mata abarta. Ya shanye tas, ya lashe ludayi, ya ce dai ya sha ne don kada ta ji kunya. Ɗiyata ta fari kuwa amaryarsa yake ce mata. Ita ta ce ba ta auren mai haƙori biyu, shi ya ce ai biyun sun ishe shi cin rabonta. Idan hatsi ya fara nuna, shi ke kawo tumu na farko gida, ya gasa da hannunsa, jikoki su kewaye shi suna murza suna hura ƙaiƙayi. Matata ba ta iya dariya gaban surukinta, sai ta shige ɗaki ta yi ta can, mu kuma muna jin ta.

Ni a lokacin ina ci-rani a Abijan. Butiki nake jira, wato kanti, ina zaune bayan ƙarafuna daga safe har dare, ina miƙa sukari da sabulu ta ɗan rami. Na samu abin da na samu, amma ban tuna ranar da na yi dariya a wurin aikin nan ba. Duk sanda na zo gida na ga tsohon nan ya dawo daga gona, ƙafafu sun yi futu-futu, yana ƴar waƙarsa ƙasa-ƙasa, sai in ji ba daɗi. A da ina cewa tausayi ne. Yanzu na san akwai hassada a ciki.

Wata damina na zo da sabon moto, wato babur, da shadda. Muna zaune a fada, majalisarmu ta hira da abokai, ana dafa shayi, sai wani abokina da muka yi lakwal, makarantar boko, tare ya dube ni ya ce, “Alhajin Abijan, kai kana nan kana ƙamshin turare, tsohonka shina can rana na cin ƙeyarshi. Ko sai ya faɗi cikin gona za ka saya mishi likkafani mai tsada?” Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma shayin bai shiga ba.

A wurinmu idan ɗa ya samu, ana sa ran ya hutar da ubansa, ya ɗauki ƴan ƙwadago, tsoho ya zauna ƙofar gida da tasbaha ana gaishe shi. Na je na faɗa wa Baba haka cikin ladabi. Ya yi dariya, ya ce in kawo su, gona tana da faɗi, shi ma zai samu abokan hira. Na kawo su. Ya shiga tsakiyarsu ya kama layinsa, yana tsokanar su cewa tsoho zai riga su kai ƙarshe. Ranar kasuwa na sa aka kai jakin aka sayar ba tare da na shawarce shi ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce dai in gaya wa wanda ya saya kada ya buge shi a kai, ba ya so. Washegari ya saɓa hauya ya tafi da ƙafa.

A fada aka ci gaba da tambayata ko tsohon ya huta. Na gane ba zan iya hana shi da baki ba, sai dai in sa shi ya bari da kansa.

Ranar maimai ce, noma na biyu, hatsi ya kai gwiwa. Na je gona da motona kamar na zo duba aiki. Da Inna ta kawo fura, kowa ya ajiye hauya ya nufi aduwa. Na ce zan kewaya. Na ɗauki hauyar wani ɗan ƙwadago, na shiga layin da Baba ya nome da safen nan, na sassare gindin hatsi nan da can, na bar su kwance cikin haki. Na dawo na sha fura tare da su.

Da aka tashi komawa aiki, na kira shi da ƙarfi don kowa ya ji. Ƴan ƙwadago suka matso, maƙwabcin gonarmu ma, tsararsa ne kuma abokinsa tun suna yara, ya tsallako iyaka. Na nuna hatsin na ce, “Baba, dubi. Wannan layin wa?”

Ya duƙa a hankali ya ɗauki guda. Ya kai shi kusa da idonsa, ya juya shi, ya shafa wurin saran da babban yatsa. Ya bi layin yana tsintar su ɗaya-ɗaya har suka cika masa hannu. Ni kuma ina bayansa ina cewa idonsa ya tafi, ba ya rabe hatsi da haki, kuma an daɗe ana gani, kunya ce ta hana a faɗa masa. Wani cikin ƴan ƙwadagon ya ƙyalƙyale da dariya, ya toshe baki. Abokin Baba ya ce kowa yana kuskure, amma Baba bai ji shi ba. Ya dubi Inna ya tambaye ta ko gaskiya ne an daɗe ana gani. Ta ce ita ba ta taɓa gani ba. Na ce ai ita ma idon nata ɗaya ne da nasa.

Abin da ya ce kawai shi ne, “Ashe.”

Ya miƙa wa ɗan ƙwadagon da ya yi dariya hauyarsa, ya ce ya riƙe, tana da kyau. Na ɗora shi bayan moto na ratsa da shi ta tsakiyar gari, ta gaban fada, ina tafiya a hankali don a gan mu. Hatsin yana hannunsa har gida.

Daga ranar bai sake taka gona ba. Na saya masa kujera da farar riga, ya zauna ƙofar gida. Liman ya yi misali da ni bayan sallar Juma’a. Abokin nan nawa ya ba ni hannu ya ce yanzu na cika ɗa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

A cikin gida kuwa abubuwa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Inna tana dama fura ta ajiye masa, ya kurɓa ya ce Allah ya yi albarka, shi ke nan, babu gardama. Ta ƙara ruwa da gangan don ya tanka, bai tanka ba. Da can shi ke hawa rumbu ya fiddo damin da za a sussuke, sai ya ce ƙanena ya riƙa yi, wanda bai gane hatsi a gona ba bai kamata ya taɓa shi a rumbu ba. Da kaka ta zo, ɗiyata ta je ta ce ango ina tumunta. Ya ce ta tambayi masu ido. Ta tsaya tana jiran ya yi dariya, da ta ga bai yi ba ta koma wurin uwarta. Hannuwansa da na sani da kanta suka yi laushi, yana zaune yana murza su a kan gwiwa. In hadari ya haɗu yakan ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ja kujerarsa ciki. Duk ina gani. Na ce wa kaina tsufa ne, na koma Abijan.

Da na dawo wata daminar na tarar ya rame, tafiya sai da sanda. Wata ranar Juma’a da hantsi ya sa aka tara mu a tsakar gida, ni da ƙanena da Inna da matanmu. Ya ce yana so ya nemi gafararmu tun yana da baki. Ya ce ya yi ta tunani, bai san tun yaushe yake sare mana abinci ba. Ya tuno wata shekara muna yara da rumbu ya ƙare tun kafin a yi shuka, muka riƙa cin ganyen tafasa, Inna ta sayar da akuyarta. Shekarar fari ce, kowa a garin ya sani, amma shi ya ce wataƙila tun lokacin ne idon ya fara, shi ya jawo mana yunwar. Ya bi mu ɗaya-ɗaya yana roƙo. Inna tana kuka tana ce masa ya bari. Da ya zo kaina ya ce ni ya fi gode wa, don ni kaɗai na iya faɗa masa gaskiya, kuma in yafe masa kunyar da ya ba ni gaban mutane.

Na ce, “Na yafe maka, Baba.”

Da bakina na faɗa. Na tashi na hau moto na tafi Konni ba tare da wani dalili ba, na yini ina zagaya kasuwa. Kuma ko bayan wannan sai da na ƙara kwanaki ina shiga ina fita, ina gaishe shi yana sa mini albarka. Abin da ke riƙe ni ɗaya ne, idan na faɗa, sunan da na samu a gari ya tafi. Na auna sunan nan da tsohon da ke kwance yana neman gafarar laifin da bai yi ba, kuma sau da yawa sunan ne ya rinjaya.

Ranar da na ji shi yana gaya wa ɗiyata kada ta yi koyi da kakanta mai ɓarna, na kasa ci gaba da ɓoyewa. Da safe na je na ɗauko abokinsa, maƙwabcin gonar, don a gabansa na yi ƙaryar. Na kira Inna da ƙanena da matata. Na aika aka nemo ɗan ƙwadagon da ya yi dariya, da abokina na fada. Baba yana kishingiɗe a kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, ko an ba shi gona yanzu ba zai kai bakinta ba. Na cire hula na durƙusa, na kama ƙafarsa.

Na ce, “Baba, ba ka taɓa sare hatsi ba, ko gindi ɗaya. Ni na sare shi, da hannuna, lokacin da kuke shan fura. Idonka lafiya lau yake ranar nan. Na yi ne don a yabe ni a fada, kuma don ina jin haushin yadda kake jin daɗin aikinka ni ba na jin daɗin nawa. Yunwar shekarar nan fari ne, ba kai ba ne. Na raba ka da gonarka da jakinka, na bari ka roƙe ni gafara, har na ce na yafe. Ba ni da abin da zan mayar maka. In ka ƙi yafe mini ka yi daidai. Amma ina roƙonka, don Allah, Baba, ka gafarta mini.”