Taragon Ƙarshe Bai Wuce Allo Ba

Damina tara ke nan da muka binne yayana Mamman, wanda mutanen Jibiya suka fi sani da Mamman Reluwe. Sunan ya bi shi har kabari, alhali garin namu bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. A can tsakanin Funtuwa da Gusau ya yi aikinsa, yana shugabantar leburorin gyaran dogo. Ya dawo gida da ciwon baya, da wata tsohuwar jar tuta, da labarin da ba wanda ya tambaye shi.

Ni malamin makaranta ne, amma wannan darasi a wurinsa na sha shi har na haddace, ba da son raina ba. Yakan ce ranar da aka gama gyaran dogo, ranar ya fi kyan gani, kuma ranar ya fi rauni. An ɗaga ƙarfen, an cusa tsakuwa ƙarƙashin katakan da yake kwance a kai, an miƙe shi sambal. Sai dai tsakuwar da aka motsa ba ta kama juna ba tukuna. Nauyin jirage ne kaɗai ke zaunar da ita, shi ma in sun bi a hankali.

Don haka sai a rage gudu a wurin. Shi zai taka da ƙafa ya duba, injiniya ya zo ya auna, su yanke iyakar gudun. A kafa allo tun daga nesa don direba ya fara taka birki, a kafa wani a bakin gyaran, wani a ƙarshensa. Ba kwanaki ake ƙirgawa ba, nauyin da ya bi ta kai ake dubawa. In jirage masu kaya sun wuce, aka sake aunawa aka ga bai lotsa ba, sai a ƙara gudun kaɗan. In bazara ce kuwa a ƙara haƙuri, domin ƙarfe na miƙewa da zafi, sakakkiyar tsakuwa ba ta iya riƙe shi. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne direban da kan jirginsa na wuce allon ƙarshe zai saki wuta, ya manta taragun da yake ja suna bisa gyaran. Saboda irinsu yake tsayawa da kansa a rana da tutar nan, har sai taragon ƙarshe ya shige.

Mutumin da ya san duk wannan, shi aka yi wa aikin gwaiwa a Katsina gab da faɗuwar damina. Ɗinki ya kame, ya fara zuwa masallaci da ƙafarsa. Sai aka yi ruwan shuka. Likita ya riga ya yi magana, matarsa ta yi, ni ma na yi. Na ce masa, “Yaya, kai da kanka ka ce sabon gyara ba ya son nauyi.”

Ya yi dariya, ya saɓa sungumi. “Mi ka ɗauke ni, Sani? Ni ba dogo ba ne. Ruwa ba shi jiran mai jinya.”

Ya tafi gonarsa ta Magama. A amalanke aka dawo da shi, bai kuma ga fitowar geron ba. Har yau in na tuna, haushinsa nake fara ji kafin kewarsa.

Ga shi yanzu ana shimfiɗa sabon dogo ta bayan garinmu, wai zai dangana da Maraɗi. Mun ji labarinsa har kunnuwanmu sun gaji, kamar yadda muka gaji da a rufe boda, a buɗe, a sake rufewa. In na wuce tudun jar ƙasar da suka tara, nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba na jin manyan injinan za su burge shi. Tambaya zai yi wa zai tsaya a wurin bayan an yanke ƙyallen buɗe dogon, manya sun koma Abuja.

Amma ba dogon ne ya sa ni wannan rubutu ba. ’Yar Yaya ce, Hajara. Tana sayar da tuwo a bakin tasha, direbobin manyan motoci ne abokan cinikinta, kuma da tukunyar nan gidanta ke ci tun da acaɓan mijinta ya daina kawo abin kirki. An yi mata aiki aka ciro mata ɗa. Ko arba’in ba ta yi ba na tarar da ita ta sunkuya za ta sauke tukunyar miya. Na taɓa ganin wannan sunkuyon a wurin ubanta.

“Baffa, na hwa warke,” in ji ta. “Ɗinkin ya bushe. In ban hito ba, wata za ta gaje min direbobin.”

Ba ƙarya ta yi ba, kuma ban yi mata wa’azi ba, tunda na ga inda wa’azi ya kai mu. Na je wurin uwarta muka tsara abin yadda ubanta zai tsara. Da fari zama kawai, tana zuba miya da ludayi. In ma’aikaciyar asibiti ta duba ta yarda, sai ƙaramar tukunya. Tuƙin tuwo da ɗaukar ruwa su ne na ƙarshe, maƙwabciyarta ke yi kafin nan. Hajara ta ce to, irin to ɗin da na san gidan da aka gado shi.

Shi ya sa kowace safiya nake jan ƙafa zuwa tasha, in zauna a bencinta cikin hayaƙin itace da na motoci. Gwiwoyina ba sa so, ni ma ba so nake ba. Direbobin Maraɗi har sun sa mini suna ɗan duwan, wato ɗan kwastan, wai ba abin da ke wucewa sai na duba.

Yaya bai bar gida mai bene ba, dogon da ya yi wa bauta ma ciyawa ta cinye rabinsa. Abin da ya rage nasa shi ne wannan tsayuwar. Jiya Hajara ta kai hannu ga babbar tukunya, ta ɗago, muka haɗa ido. Ta yi tsaki irin na ubanta, ta saki, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. Allah Ya jiƙan Mamman Reluwe. Gobe ma ina kan bencin.