Muryar Inna Mai Shara

Gabana ya faɗi ne lokacin da editar gidan rediyon ta tsayar da muryoyin da na naɗo, ta ce, "Wace ce wannan mai tambayar?"

Ba ni ba ce. Inna mai shara ce, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana goge bencina a cibiyar da yara ke zuwa bayan makaranta. Sati biyu ina kai musu makirufo baki, ni da digirina, ba su wuce "lafiya lau" ba. Rannan Inna ta karɓe shi, ta ajiye cikin kwandon fensir, ta zauna a ƙasa.

"'Yata, yaro ba ya magana sai hannunsa na aiki. Kai, sarkin surutu, zo feƙe min wannan. Wa ya koya maka zana jirgi da ƙafafu?"

Minti ashirin suna zuba. Na yi mata murmushin dole. Ko sunan na'urar ba ta sani ba.

Editar ta karɓi lambarta. Mutum ɗaya za a ɗauka a shirin yaran, kuma har yanzu ba a kira ni ba.